Wankan Jego a Kumasi

"Kwana uku fa a cikin mota, Inna! Ƙasa uku!" in ji Lawan, ya tsaya a bakin ƙofa kamar jandarma.

Balaraba ko kallon ɗan nata ba ta yi ba, ɗinke bakin buhun kanwa kawai take. Autarta Fa'iza ce ta yi haihuwar fari a Kumasi, kuma labari ya iso garinsu Tirmini wai uwar mijin da ruwa mai ɗumi-ɗumi take yi mata wankan jego.

"Ke da ko Maraɗi ba ki taɓa wucewa ba? A Burkina kowane shinge sai an sauke ku. 'Yan duwan masu binciken kaya su farke buhun nan."

"Su farke. In sun lasa sa gane kanwa ce."

"To ƙafarki? Zuwa Damagaram ma kumbura take."

"Ƙafata ce za ta tuƙa motar? Matarka kwana arba'in na yi mata wanka, tana ihu maƙwabta na leƙe, ga ta nan garau. 'Yata ce za a bari da ruwan alwala?"

Lawan ya sassauta murya. "Ki bari bayan girbi in raka ki."

"Bayan girbi ai sanyi ya gama shiga ƙashinta."

Ta ɗora buhun a ka, ta ture Lawan gefe ta fice, ta buga ƙyauren langa-langa har kaji suka watse.