Allon Furannin Nagase

Mai sayar da furanni ta tsoma burushi a tawada, ta tsaya kan farin allon katako tana jira.

"Baba, sunan ƙungiyarku kawai zan rubuta. Motar kai kaya ta kusa tashi."

Kuwabara ya share gumi. A birnin Osaka wa zai aika furanni wurin makoki babu allo mai sunan wanda ya aiko? Ga shi yau za a ƙone gawar Nagase, amininsa tun suna samari. Shekara da shekaru shi da abokan nan biyu da ke tsaye tare da shi suna taruwa a gidan marigayin, duk sun yarda ba sa bauta wa kowa. Abin da ya gagare su har furfura ta cim musu shi ne sunan da za su kira kansu.

"Rubuta Mulhidai," in ji Hoshino, tsohon malamin lissafi.

"Mulhidai a gidanku!" Okabe mai gyaran agogo ya buga sanda a ƙasa. "Ni ban ce babu ba, cewa na yi ban sani ba. Rubuta Masu Shakka."

"Kai da ko takalminka sai ka yi shakkar naka ne," in ji Hoshino.

"Ko in sa Marasa Addini?" in ji yarinyar a hankali.

Ashe ta taɓo wa kanta. Su biyun suka juyo mata a tare. "Rabin garin nan haka suke cewa, amma ranar sabuwar shekara suna layi a wurin bauta suna tafa hannu! Da su za ki haɗa mu?"

Direba ya danna oda. Zuciyar Kuwabara ta karye, don ya ga da gaske Nagase zai tafi babu ko fure ɗaya daga gare su. Da kunya da komai ya buga wa Teruko, matar marigayin, ya tambaya ko mijinta ya bar wani suna.

"Har yau ba ku gama ba?" ta ce. "Ba ni yarinyar."

Yarinyar ta saurara, ta juya musu baya ta yi rubutu, ta miƙa wa direba.

Sun iso zauren makoki malamin addinin Buddha na tsakiyar karatu, turare ya cika wurin. Furanninsu na can gaba, kusa da na dangi, sun ma tsallake na kamfanin da Nagase ya yi wa aiki. A jikin allon, da kyakkyawan rubutu: Masu Cinye Mini Shinkafa Ranar Laraba.

Teruko ta matso cikin baƙaƙen kaya, ta rusuna musu, idonta jawur.

"Laraba mai zuwa," ta ce da Kuwabara, "kada ku makara. Ban iya dafa na mutum ɗaya ba."