Littafin da Sammani Ya Taho da Shi

A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, a wani lungu da ke bayan babban masallaci, akwai mata huɗu da suke haɗuwa duk Asabar ɗin farkon wata a ɗakin Hajiya Halimatu Sa'adiya. Ba adashi ne ya haɗa su ba, littattafai ne. Hajiya ce babbarsu, turaren wuta da humra take sayarwa a cikin gida. Sai Zulfa mai dambun nama, mace mai yawan tsoron bakin mutane. Sai Khairunnisa mai ɗinkin keke, haifaffiyar Ibadan, wadda Yarabanci ya fi Hausa saurin fitowa daga bakinta idan ranta ya ɓaci. Ta huɗun ita ce Rahamatu, wadda ake kira Maman Anwar. Daga Bichi aure ya kawo ta, alkaki da nakiya take yi.

Bayan la'asar suke zama. Hajiya ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayar da ba ta canzawa: "Me kike karantawa a watan nan?" Wadda aka tambaya sai ta ɗaga littafinta, ta faɗi inda ta kai, da wanda ya burge ta a ciki, da wanda take jin kamar ta shaƙe. Doka ɗaya ce kawai, ba a faɗin ƙarshen labari. In an gama zagaye sai a yi musaya, kowa ta ɓoye nata a ƙarƙashin mayafi ta koma gida kafin magariba.

Littattafan Hausa ba a samun su a Ibadan. Mijin Rahamatu ne, Sammani, yake kawo musu. Fataucin goro yake yi. Ya ɗora huhuna daga Shagamu zuwa Kano, ya dawo da wake da albasa ya sauke a kasuwar Shasha, kuma duk dawowa akwai ƙullin littattafai a cikin jakarsa. Shi bai yi boko ba, Alƙur'ani da ajami ya sani. Da farko ma tsokanarta yake yi.

"Ga takardun ƙaryarku nan," in ji shi, yana ajiye mata a kan gado.

Wata rana ruwa ya hana shi fita, ya kwanta a kan tabarma ba abin yi, ya ce ta karanta ya ji abin da ke hana ta amsa sallama. Ta karanta. Kafin ruwan ya ɗauke ya tashi zaune. Tun daga ranar, duk lokacin da yake gari sai ta yi masa karatu bayan ya dawo daga sallar la'asar. Ba ya iya sauraro shiru. Sai ya katse ta ya yi wa mutanen cikin littafin faɗa, ko ya gargaɗe su kada su yarda da wane, kamar suna jin sa.

Littafin ƙarshe da ta karanta masa labarin wani direban jirgin ƙasa ne da aka ɗora wa laifin hatsarin da ba shi ya jawo ba. Abokin aikinsa ya yi masa shaidar zur. Alƙali na shirin yanke hukunci littafin ya ƙare, sauran labarin yana kashi na biyu. Sammani ya karɓi littafin ya jujjuya shi, ya duba bayansa.

"Shi ke nan? Wannan marubucin ba shi da imani. A bar bawan Allah a tsaye a gaban alƙali haka?"

"Sai ka nemo mana na biyun, Malam."

"Ko a ƙarƙashin ƙasa yake sai na tono shi."

Bayan ƙaramar sallar 1993 ya tafi Kano. A hanyar dawowa, kusa da Mokwa, tayar gaba ta fashe, motar ta kife da kayanta. Mutum uku suka rasu, har da Sammani. A can aka yi musu sutura. Abokin fataucinsa, Babandi, shi ya tsira da karayar hannu, shi ne kuma ya kawo labarin zuwa Sabo. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, hannu a ɗaure, ya kasa ɗaga kai. Ya miƙa jakar mamacin ta bayan labule.

Sai da aka yi sadakar bakwai, mutane suka ragu, Rahamatu ta buɗe jakar. Akwai rigunansa biyu da carbi da kwalbar turare, da takalman roba da ya sayo wa Anwar da ƙanwarsa Khaulat. A can ƙasa ga littattafai a ɗaure cikin leda. Na saman shi ne kashi na biyu na labarin direban jirgin. Jar ƙasa ta ɓata gefen bangon. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta aika wa Hajiya da sauran, shi kuma ta tura shi ƙasan akwatinta.

Da Asabar ɗin sabon wata ta zo, Hajiya ta ce a ɗakin Rahamatu za a zauna, tunda mai takaba ba ta fita. Zulfa ba ta so ba.

"Hajiya, mace tana takaba mu kwashi littattafan soyayya mu kai mata? Me za a ce da mu a unguwa?"

"Ganga za mu kai ko kalangu?" in ji Hajiya. "Zama za mu yi da ita. Ranar nan ta saba ganin mu. Kina so ranar ma ta zo ta tarar ba kowa?"

Suka je. Suka same ta a kan dadduma da zane mai duhu, ta rame, ba kwalli ba ɗankunne. Suka yi mata ya haƙuri, suka yi wa mamaci addu'a. Hajiya ba ta kunna turare ba. Ta fara zagaye kamar kullum, murya ƙasa-ƙasa. Zulfa ta yi bayanin nata a taƙaice, tana satar kallon ƙofa. Khairunnisa ta ce ita na Turanci ta samo a bakin titin Dugbe, labarin wata likita ce a ƙauye, ta ɗan fassara musu. Aka zo kan Rahamatu.

"Maman Anwar, me kike karantawa a watan nan?"

"Ba komai, Hajiya. Sai abin da nake yi masa addu'a da shi."

"To, Allah ya karɓa," in ji Hajiya. 

A wata na biyu ma amsar ke nan. Sai dai da Zulfa ta rikita sunayen wasu 'yan'uwa biyu a littafinta, Rahamatu ta gyara mata daga inda take zaune ba tare da ta ɗago ba. Hajiya da Khairunnisa suka dubi juna.

Kafin zama na uku gari ya canza. An soke zaɓen shugaban ƙasa, ana ta zanga-zanga a Legas, Ibadan ma ta ɗauki zafi. Jita-jita ta cika Sabo, yau a ce za a shigo unguwar, gobe a ce ƙarya ne. Maza suka daina nisa da gida. Wasu suka fara tura iyalinsu Arewa. Zulfa ta zo zaman idonta jajir, ta ce maigidanta ya ce ta haɗa kaya, Sakkwato za su tafi, ba ta san ranar dawowa ba. Ko littafin watan ba ta buɗe ba.

Ba wadda ta yi dogon bayani a ranar. Da aka zo kan Rahamatu, kafin Hajiya ta gama tambayar ta miƙe ta buɗe akwati. Ta dawo da littafin ta ajiye a tsakiyar tabarma.

"Wannan nake so in karanta, na kasa," in ji ta. "Na buɗe shi ya fi a ƙirga. Da na fara a zuci sai in ji kamar na ci abinci na hana shi. Da baki na karanta masa na farkon. Shi ya matsu ya ji ƙarshen, ba ni ba."

 A tsakar gida wata maƙwabciya tana jan ruwa a rijiya.

"To ki karanta da bakin," in ji Hajiya. "Ga mu."

"Hajiya, dokarmu fa? Za ku ji ƙarshen."

"Ni na kafa ta. Karanta."

Rahamatu ta gyara zama ta fara. A shafin farko tana ta cin tuntuɓe a kan kalmomin da ta sani sarai. A hankali ta daidaita. Alƙali ya ɗaure direban. Matarsa ta sayar da kayan ɗakinta tana bin ofis-ofis. Abokin da ya yi shaidar zur aka ƙara masa girma, har ya zo gidan yana yi wa matar jaje. Da ta kai nan sai ta tsaya, ba don numfashi ba. Nan ne inda Sammani zai katse ta. Ta saba bar masa wuri ya yi magana, sai ta bar masa ba ta sani ba. Ta zauna da littafin a buɗe, tana jira.

Khairunnisa ce ta kasa daurewa. Ta buga cinya, ta hau matar direban da faɗa.

"Oloshi! Kai, wannan mutumin ba zai gama da duniya lafiya ba! Ki kore shi mana, ke kuma kin tsaya kina ba shi ruwa!"

Dariya ta kuɓuce wa Rahamatu, ta farko tun rasuwar. Ba ta kai ƙarshe ba ta koma kuka. Ta kifa fuskarta a kan littafin ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da Babandi ya zo. Khairunnisa ta rikice.

"Pele, Yaya, yi haƙuri. Wallahi ban san na yi laifi ba."

"Ba ki yi ba," in ji Rahamatu da ta samu magana. "Haka Malam zai ce. Har da ruwan."

Hajiya ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta miƙa mata kofin ruwa. Ta sha, ta share fuska, ta ci gaba. Daga nan kowa ta saki baki. Zulfa ta manta da ƙofa, tana ta Allah ya isa. Aka kira magariba ba su gama ba, suka dawo washegari, da ranar da ta biyo. A ƙarshen labarin gaskiya ta fito, an saki direban, amma ya fito ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, aikin jirgin ma bai koma ba. Rahamatu ta rufe littafin ta ɗora a cinyarta.

"An dai sake shi," in ji ta. "Da Malam ya ji daɗin wannan. Sauran kuma da ya yi ta mita har a kwana."

Zulfa ta tafi Sakkwato a makon. Da Rahamatu ta fita takaba a watan Agusta, yayanta Manniru ya iso daga Bichi. Ya ce mahaifiyarsu ba ta barci saboda abin da take ji a rediyo, kuma ba zai bar ta da yara biyu a garin mutane ba miji ba, a irin wannan hali. Rahamatu ba ta yi musu ba. Ta sayar da gado da turmi da manyan tukwane. Littattafanta ta kai wa Hajiya a cikin kwali, ta ɗauki biyu kawai, kashi na farko da na biyu na labarin direban jirgin.

Hajiya ta ce ita ba inda za ta, a Sabo ta binne mijinta da ɗanta na fari. Khairunnisa kuwa ta ce ko ta ce za ta gudu ba ta san inda za ta nufa ba, ba ta taɓa wuce Ilori ba. Su biyun suka rako ta har bakin titin Mokola. Tasha ta cika maƙil da mutane da katifu da buhuna, kowa yana neman mota. Hajiya ta cusa mata kwalbar humra a jaka, ta riƙe hannunta ta kasa saki sai da direba ya yi tsawa.

Da suka kusa Mokwa Manniru ya roƙi direban ya tsaya ko na ɗan lokaci ne, ya ce mijin ƙanwarsa yana kwance a garin. Fasinjoji suka hau surutu, kowa a tsorace yake, so suke su yi nisa kafin rana ta faɗi. Direban ya ba da haƙuri, bai tsaya ba. Rahamatu ba ta ma san ta wane gefe maƙabartar take ba. Ta ɗaga hannu ta yi addu'arta ta taga, ta sa yaran suka shafa.

Washegari da hantsi suka isa Bichi. Mahaifiyarta ta fito ba mayafi ta rungume ta a zaure, tana cewa ta rame, ta yi baƙi. Anwar ya zube ƙasa rub da ciki ya gaishe ta irin yadda ya ga yaran Yarabawa suna yi, tsohuwar ta tsorata ta ɗauka faɗuwa ya yi. Rahamatu ta ɗaga shi ta kakkaɓe masa riga. A ɗakin da aka haife ta aka sauke ta. Bayan sati biyu ta sayi alkama ta koma yin alkaki, ba ta sake komawa Ibadan ba.