Layin Biro a Goshi

Tsohon likitan shi ya buɗe asibitin nan da gado biyu bayan ya dawo daga yaƙi, amma yau 'yarsa ce ta kawo shi, don tsufa ya fara taɓa hankalinsa. Ta zaunar da shi a benci ta je yankar kati. Tana dawowa ta tarar yana bin marasa lafiya, yana taɓa wuyansu, yana ja wa wasu layi a goshi da biro. Mutane sai dariya suke, wata mata na goge goshin ɗanta tana tsaki.

Kunya ta rufe ta. Ta fizge biron.

"Haba Baba! A gaban jama'a? Zauna don Allah, ka ishe ni!"

Ya zauna sumui. Can ya ce a hankali, "A fagen yaƙi magani ba ya isar kowa da kowa. Wanda na ja wa layi, da shi ake farawa."

"Yaƙi ya ƙare, Baba," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta shiga banɗaki don ta wanke fuska ko ta huce. A madubi sai ga layin biro a goshinta, a karkace, jan hannun mahaifinta. Ta tuna gyangyaɗin da ya sace ta a mota a hanyarsu ta zuwa, kanta a kafaɗarsa. Famfo ya daɗe yana zuba, ta kasa kai ruwa wurin.