Akawun Ɗin Dogo a Kwamfutar Shago

Dogo ne ya haɗa wa mahaifinsa kwamfutar shagon buga takardu kafin ya tafi ƙetare neman aiki. Ya tafi ya bar imel ɗinsa a buɗe a burauza, manhajar shiga intanet, ga ɗan hotonsa a kusurwar allo, yana dariya da hula a karkace.

Da farko yana kira. Daga baya kiran ya ja baya, har wayarsa ta daina shiga gaba ɗaya. Aka bi abokan tafiyarsa da tambaya, kowa da nasa zancen. Wani ya ce ya sauya gari, wani ya ce an gan shi a bakin teku.

Auta, ƙanwarsa, wadda ke taya Baba aiki a shagon, ita ta lura da wani abu. Saƙonnin talla na shigowa akwatin Dogo da rubutu mai kauri, bayan kwanaki sai wasu su koma siririn rubutu, alamar an buɗe su.

"Baba, dubi nan. Wani yana karantawa. In ba Yaya ba, wa?"

Tun daga ranar, kafin Baba ya kunna injin gurza takardu sai ya sa tabarau ya leƙa. In ya koma gida ya ce wa Umma, "Yau ma ya buɗe." Suka tura masa saƙo ta wayar Auta. Aka buɗe, amsa ba ta zo ba. Umma ta ce ƙila kunya yake ji, bai samu aikin ba.

Wata safiya Baba ya danna, sai allo ya nuna wa'adin shiga ya ƙare, a sake sa kalmar sirri. Auta ta gwada sunan Umma, ta gwada shekarar haihuwarsa, ta gwada sunan ƙungiyar ƙwallon da yake mutuwar so. Duk a banza. Ta danna wurin waɗanda suka manta, aka ce an tura lamba zuwa wayar mai akawun.

Suka kira mai gyaran kwamfuta na layin baya. Ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, wannan ko ni ban isa ba. Sai da wayarsa."

"Amma ai yana buɗe saƙonni. Ka ga yana raye ke nan."

Mai gyara ya sosa ƙeya. "Allah ya sa. Sai dai duk wanda ya zauna kujerar nan zai iya danna su bisa kuskure. Kwastomomi nawa ke zama a rana?"

Auta ta ji kamar ta watsa wa mutumin ruwan zafi.

Hoton bai tafi ba. Duk wanda ya zo buɗe imel ɗinsa don a buga masa takarda, fuskar Dogo ce ke fara tarbarsa tana neman kalmar sirri. Waɗanda suka san shi su ce, "Af, ina labarin Dogo?" Baba ya ce sai alheri, ya juya yana gyara takardun da ba su karkace ba.

Ran nan wata malamar makaranta ta yi tambayar, kuma ta tsaya jiran amsa. Da ta fita, Baba ya cire tabarau.

"Auta, cire shi."

"Baba, in na cire ba ya dawowa fa."

"Yanzu ɗin yana dawowa ne?"

Ta danna wurin cirewa. Kwamfutar ta tambaya ko ta tabbata. Ta dubi Baba, shi kuma yana kallon titi. Ta danna. Sunan ya ɓace, hoton ya bi shi.

"Me za mu ce wa Umma?"

"Ni zan faɗa mata."

Da azahar ta yi bai tafi gida cin abinci ba. Ya aiki Auta gida ta ce wa Umma aiki ya yi masa yawa, ya zauna shi kaɗai a shagon, ba kwastoma ko ɗaya.