Haƙorin Baba Ishaya

"Ƙara buɗewa, Baba," na ce, ina haska bakinsa da fitilar waya.

"Iyakarsa ke nan," in ji matarsa, Mama Rebecca. "Tun jiya ko kunu ba ya wucewa."

Baba Ishaya maƙwabcinmu ne a Unguwar Boro, tsohon ma'aikacin masaƙa, ƙofarmu na kallon tasu. Tun da ya ji na gama digiri kuma ina shirin neman gurbin karatun likitan haƙori, ya daina ce mini Naomi, sai Likita. Na sha gaya masa sakamakon ƙarshe bai fito ba, akwai ma wata jarrabawa da ta ba ni wuya, in ta ja makina ƙasa ko kallon takarduna ba za a yi ba. Sai dai ya yi dariya.

Ran nan da safe babu dariya. Haƙorinsa na can ciki da ya daɗe yana ciwo ya kumbura masa ƙasan haɓa har wuya. Na taɓa wurin, tauri kamar katako. Harshensa ya taso sama, yawu na zuba a rigarsa. Na taɓa ganin hoton irin wannan a littafin da nake karantawa, kuma na tuna abin da aka ce yana biyo baya.

"Mama, asibiti. Yanzu."

"Mai kemis ya ce a ba maganin lokaci. Na kuma sa masa kanumfari."

"Ai ya wuce maganar haƙori. Hanyar numfashinsa ce take rufewa."

Ta dube ni, ta shiga ta ɗauko gyale.

Muka sa shi a tsakiyarmu cikin keke. Duk sanda ya so jingina baya sai in tare shi. "Kada ka kwanta, Baba, zauna sosai." A Sabon Tasha muka faɗa cunkoso. Mai keken yana ta danna ham, yana ihun "Marar lafiya ne!" amma babu inda mota za ta matsa. Numfashin Baba ya koma kamar fito. Mama Rebecca ta kama addu'a da ƙarfi. Ni kam na san sunan ciwon, amma babu abin da hannuna ya iya.

Sai ya riƙo hannuna. Muryarsa a toshe, da ƙyar na gane.

"Ya fito?"

"Mene ne, Baba?"

"Sakamakon."

"Tukuna."

Ya lumshe ido, bai sake ni ba har muka isa.

A asibiti kallo ɗaya likita ya yi masa, ya ce a wuce da shi ɗakin tiyata da gudu. Muka zauna a benci. Wayata ta dinga motsi a cinyata, 'yan ajinmu ne ke cewa an saki sakamako. Na kife ta. Idona na kan ƙofar nan har likitan ya fito, ya tsaya gaban Mama Rebecca, ya cire hularsa.

A ƙauyensu aka binne shi. Sai bayan mun dawo na iya dubawa. Na ci, makin ya kai. Na zauna a bakin gado, ina tunanin ranar da za a kawo mini wani kamarsa, kowa ya zuba mini ido.

Na fita na tarar da Mama Rebecca tana share ƙofar ɗakinsu. Na gaya mata.

"Ya ce za ki ci," ta ce. "Yaushe za ki kai takardun?"

"Ban sani ba, Mama. Tsoro nake ji."

Ta ci gaba da shara. Da ta zo gindin taga ta tsaya. Asuwakinsa na nan a kan dakalin tagar, an tauna kansa, ya bushe. Ta share gefensa da tafin hannu, ta bar shi a wurin.