Aji Huɗu a Lokacin Noma

Keziah ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar, ta jira.

"Ka... ka-su..." Sa'adiya ta ɗago kai ta dube ta. "Kasuwa."

"Ci gaba. Daina kallona, ba a goshina aka rubuta ba."

Yaran suka yi dariya, ita ma Sa'adiya ta yi, sannan ta sunkuya ta ja layin har ƙarshe, tana tuntuɓe tana tashi. Keziah ba ta yaba mata ba. Ta juya shafi kawai.

Yara ɗari da talatin da bakwai ne a aji huɗu na makarantar firamaren da ke bayan Rikoto. Tun da gwamnati ta ce karatu kyauta ne aka yi ta turo su, ba a ƙara ɗaki ba, ba a ƙara malami ba. Idan duk suka zo, filin da ya rage wa Keziah a gaban allo bai fi faɗin tabarma ba. Ta faɗi abu, su maimaita da ƙarfi har kwanon rufi ya amsa. Wanda ya wuce ta taga sai ya ce karatu ake yi.

Makarantar ba ta da benci. Iyaye ne ke sa kafinta ya yi, a rubuta sunan yaro da jan fenti, a kawo a ajiye a gaba. Wanda ba a yi masa ba ya zauna a ƙasa, can jikin bangon baya, inda ba a ganin komai sai bayan mutane. Nan Sa'adiya ta zauna shekara huɗu tana motsa baki.

Sai da damina ta kankama Keziah ta san fuskarta. Noman fari ya kwashe 'ya'yan manoma zuwa gona, ajin ya koma mutum arba'in da 'yan kai. A karon farko ta taka da ƙafarta har bangon baya. Ta kwaso na ƙasa ta zuba su a kan bencin da masu su suka bari. Sa'adiya ta faɗa a na wani yaro Solomon, a layin farko, daidai inda allon bai kwaile ba. A makon ne uwarta, mai tuyar masa a tasha, ta zo cire ta.

"Malama, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Gara ta riƙe mini tanda."

"Ki ba ni ita zuwa ƙarshen zangon nan," in ji Keziah. "In ba ta karanta miki takarda ba, ni da kaina zan rako ta tasha."

Ana tashi tara hedimasta ya aiko kiranta. Malam Lawwali mutumin Argungu ne, ya tsufa a aikin, yana zaune yana fifita da kwalin alli.

"Malama Keziya, zauna. Manya za su zo daga Birnin Kebbi ranar Litinin. Kawunan yara za su ƙirga. Makarantar da ta fi cika ita za a gina ma sabbin azuzuwa. Kowane malami shi bi gidaje yau, shi maido ɗiyanshi."

"Ranka ya daɗe, bara ma sun ƙirga."

"Sun ƙirga."

"Me muka samu?"

"Allon sanarwa," ya ce, ko murmushi bai yi ba. "Mai kyau kuwa. Ba ki gan shi bakin hanya ba?"

"Yanzu ne nake koyarwa, Malam. Tun da na gama kwaleji aka turo ni nan, yanzu ne kaɗai. A bar ni in kai ƙarshen zango."

"To mi kike so in ce musu? Ɗiyan mutane na gona, mu kuwa mun ji daɗi?" Ya ajiye kwalin. "Ɗiyata, ni ma na yi wannan zafin kan. In ba su cika ba, ba gini. In sun cika, wataƙila. Ni dai wataƙila gare ni, ba ni da wani abu."

Ta miƙe ba ta nemi izini ba. A bakin ƙofa ta juyo.

"Zan je. Amma ba don su ba."

"Ki tai don wanda kika ga dama," in ji shi. "Ki dai tai."

Da la'asar ta hau babur ɗin kabu-kabu har inda hanya ta ƙare, ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, ta bi gefen kunyoyi. Dawa ta kai gwiwa. A gidajen farko mata suka ba ta ruwa, suka ce to, za a turo su. Kowane "to" sai ta ji kamar an ƙara matso da bango. Ta riƙa lissafa su a zuci ba tare da ta so ba: wannan dogo ne, zai tare wa mutum uku allo, waccan bencinta na layi na biyu.

Gonar Kofur Joel, mahaifin Solomon, tana gindin dutse. Tsohon soja ne, ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa tun da ya dawo daga Laberiya. Yana zaune a kan kututture yana ba da umarni, yara na duƙe da fartanya. Da ya hango ta sai ya ƙame a zaune, ya sara mata.

"Kai! Gwamnati da kanta, ba takalmi! Sannu da zuwa, Malama. Solomon, kawo wa antinka dutse ta zauna."

Solomon ya taho da gudu, laka har cinya. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya ajiye dutsen ya goge shi da rigarsa, ya koma gefe ya tsaya yana kallon jakarta.

Ta gaishe da tsohon, ta tambayi ƙafa, ta tambayi ruwa. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Kofur ya sosa gemu. "Litinin. Hm. Malama, dubi ciyawar nan. Mun gama nan, can ta tashi. Maimai, noma na biyu, na nan tafe, ni kuma kin ga ƙafa." Ya buga ta da sanda. "Ni ban yi boko ba, ke kika sani. Ki gaya mini gaskiya, ba ta hedimasta ba. In yaron nan ya zauna har a gama maimai, ya yi asara? In kin ce babu komai, ya zauna. In kin ce ya zo, ya zo. Oda ɗaya."

Keziah ta yi lissafi a zuci.

Maimai zai kai su ƙarshen zango. Kalma biyu kawai za ta faɗa, babu komai, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya: me Solomon zai samu a cikin wannan hayaniya? Sa'adiya ta ci gaba da zama a gaba, ta gama littafin, ta je tasha ta karanta wa uwarta a gaban masu sayen masa. Ba wanda zai sani. Hedimasta kai yake so, kai ɗaya ba zai rage komai ba.

"Anti," in ji Solomon a hankali, "an wuce rabawa mai tsawo a lissafi?"

"Wa ya sa bakinka?" uban ya daka masa tsawa.

"An wuce," ta ce.

Yaron ya sunkuyar da kai, yana kankare lakar fartanya da farce. Ta tuna shi ne ke zuwa kafin kowa, ya share gaban allo, ya zauna ya naɗe hannu. Ko gajeriyar rabawa bai iya ba. Ba ta taɓa samun sukunin duba littafinsa ba, ko da yake yana zaune kusa da ita har tana jin numfashinsa.

Ta dubi dutsen da ke bayansu, ta dubi ƙafafunta da suka yi baƙi. A kwaleji an koya mata yadda ake koyar da yara arba'in. Ba wanda ya koya mata yadda ake zaɓen wanda za a bari.

"Ya zo ranar Litinin, Baba," ta ce. "Zai yi asara."

"An gama!" Kofur ya buga sanda a ƙasa. "Ka ji oda, Solomon."

Yaron ya koma kunyar da yake nomewa da tsalle.

Ta miƙe ta karkaɗe zane. Gobe za ta kira Sa'adiya ta gaya mata mai benci zai dawo. Ko ta riƙe ta bayan an tashi, in uwar ta yarda, in ba a fara tuya ba, in ita kanta muryarta ta kai ƙarfe biyu. Ta san yadda waɗannan "in" ɗin suke ƙarewa.

"Tsaya, Malama." Tsohon ya dogara sanda ya tashi da ƙyar. Fuskarsa ta yi laushi. "Shekarata nawa ina kai yara makarantar nan, ba malamin da ya taɓa biyo ɗana gona. Ke ce ta farko." Ya juya ya ƙwala kira. "Mika! Leah! Ku taho nan. Kai ma, ɗan ƙaramin."

Yara uku suka fito daga cikin dawa, suka jeru.

"'Ya'yan ƙanena ne, daga Kanya. Uban ya rasu da rani. Can aji huɗu suke, manyan biyu, wannan kuwa in kin matsa shi zai shiga. Da na ce su zauna su yi noma, makarantar me, taron kasuwa. Amma tun da akwai irinki a wurin..." Ya dafa kan Leah. "Ajinki nake so. Ba na kowa ba."

Keziah ta kalle su ɗaya bayan ɗaya. Leah ta yi mata murmushi, haƙorinta ɗaya ya fita.

Ta sunkuya ta sa takalmanta, a kan lakar, ta miƙe tsaye har ta fi tsohon tsawo.

"Ƙarfe bakwai da rabi," ta ce. "Kada su makara."