Abin Dariya a Gaban Tsohon Agogo

A gidan tarihin da take aiki, ɗakin tsofaffin kayan gida ne a hannunta, shi ya sa abokan aiki suke ce mata Uwar Ɗaki. Ta san duk abin da ke bayan gilashi: dutsen guga na gawayi, keken ɗinki na hannu, fitilar ƙwai, da wani agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka kamar kunnuwan ɓera.

Da aka tashi sauƙaƙa wa kurame ziyara, sai aka kafa ƙaramin talabijin kusa da kowane gilashi. In ka danna, wani dattijo mai baƙar riga zai fito yana bayani da maganar hannu. Ba murya, ba rubutu a ƙasa.

Ba a jima ba ta lura da wani abu. Kurame sukan wuce guga da keke fuska a natse, amma da sun tsaya gaban agogon sai dariya. Wani ya dafe ciki, wata ta jawo ƙawarta ta sake danna mata. Ta karanta rubutun da ke jikin gilashin: agogo ne na tashin mai barci. Ina abin dariya a nan?

Ta kai wa Dogo mai gadi zancen.

"Ke suke yi wa," in ji shi. "Kin ga yadda kike tsayuwa kuwa? Kamar ke ma an kawo ki ajiya."

Ta harare shi, amma washegari ta koma tsayuwa a ɗaya kusurwar. Dariya ba ta fasa ba. Da ɗaki ya yi shiru sai ta danna da kanta. Dattijon ya kwantar da kumatu a tafin hannu, wannan ta gane barci ne. Daga nan hannuwa suka yi ta gudu, ta rasa kan zance.

Abin ya tsaya mata a rai har gida. Tana wanke-wanke tana kwaikwayon hannun, mijinta ya tambaye ta ko sauro take kora.

Wata safiya wani tsoho kurma ya shigo da 'yarsa mai goyo. Da suka iso agogon ya yi dariya har da share hawaye. Uwar Ɗaki ta ji 'yar tana lallashin jaririnta da baki, ta ce a ranta yau dai sai ta ji.

"'Yar uwa, don Allah me mutumin nan yake cewa?"

"Au, ba ku sani ba, Yaya? Ku da kuka saka shi?"

"Wallahi mu dai kallo muke."

Matar ta gyara goyo ta danna. "Ya gama bayanin agogon, sai ya ƙara nasa. Wai babansa ya taɓa saya masa irinsa don kada ya makara makaranta. Kullum da asuba agogo ya tashi uwa, ya tashi uba, ya tashi maƙwabta da karensu. Shi kaɗai ke sharar barci, tunda shi ma kurma ne. Da gida ya gaji, aka mayar da agogon ɗakin kakarsa, ita kuma ta riƙa zuwa tana yayyafa masa ruwa."

Uwar Ɗaki ta ƙyalƙyale har Dogo ya leƙo. Sai kuma wata tambayar ta taso mata.

"To Baba fa? Shi me yake tashinsa?"

'Yar ta mayar masa da hannu. Tsohon ya gyara tsayuwa, fuskarsa ta washe. Ashe gyaran kayan lantarki ne sana'arsa. Tun yana saurayi ya haɗa agogo da ƙaramar fanka, lokaci na yi sai iska ta buso masa a fuska.

"Har yanzu tana nan," in ji 'yar. "Mama ta ce ita ta jawo mata murar da ba ta warkewa."

Uwar Ɗaki ta roƙe su su jira, ta je ta kira shugaban gidan. Ya saurari labarin talabijin yana shafa gemu, don shi ma bai san da ƙarin ba.

"Ranka ya daɗe, kada a cire," ta ce.

"Wa ya ce a cire? A rubuta mana a ƙasa, mu ma mu samu." Ya juya ga 'yar. "Tambayi Baba, zai ara mana fankar mu nuna?"

'Yar ta mayar wa tsohon, sai hannuwansa suka motsa.

"Ya ce zai kawo, amma shi zai yi bayaninta a talabijin, kuma ba zai saka baƙar riga ba."

Bayan sati ya dawo da ita a kwali, yana sanye da riga ruwan goro. Uwar Ɗaki ta tare shi a ƙofa da gaisuwar hannu da ta koya a wurin 'yarsa. Ya ajiye kwalin, ya kama yatsunta ya gyara mata, sannan ya amsa.